Buhu 14 da Makulli Biyu: Nazarin Wani Hukunci a Wata Kasuwar Jos

Ni ne sakataren ƙungiyar, kuma da hannuna na rubuta takardar korar. Gara in fara da wannan, kada mai karatu ya ɗauka ɗan kallo ne ke ba shi labari. Ba zan faɗi kasuwar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Ya isa a ce ɗaya ce daga kasuwannin kayan gwari na Jos, inda motoci ke sauke dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi tun kafin gari ya waye, a sake lodinsa zuwa Kano da Abuja da Legas. Mu 63 ne a layinmu. Muna da shugaba da mataimaki da ma'aji da ni, sai limamin ɗan masallacin da muka gina da karo-karo, wanda ba ya saye ba ya sayarwa amma ba a zama sai da shi.

Sito ɗaya muke tarayya a kansa. Wanda kayansa ya yi kwantai sai ya sa wa buhunansa alama da fenti ya jera a ciki. Makulli biyu ne, ɗaya a wurin shugaba, ɗaya a wurin maigadi. Maigadin dattijo ne, Kirista, daga ƙauyukan Bokkos, shekararsa 11 tare da mu, kowa Baba yake ce masa. Duk wanda ya saba sammako ya san shi a kan bencinsa cikin wata tsohuwar kwat mai nauyi, ga gwangwanin garwashi tsakanin ƙafafunsa, ga 'yar rediyo a kunne. Shugaban kuwa, Alhaji, mutum ne da sau uku muna zaɓensa babu hamayya. Na taɓa ganin ya bi wani direba har tasha don ya mayar masa da kuɗin da ya yi kuskuren ƙarawa. Na faɗi wannan ne don a san ba labarin azzalumi zan bayar ba. Da azzalumi ne da ba sai an yi nazari ba.

Abin ya faru wata Talata da hantsi. Akwai wata Hajiya da ta gaji rumfar mijinta, ita kaɗai ce a cikinmu take zana lissafin buhunanta da alli a jikin bango. Ta ƙirga ta ga babu uku. Da ta ɗaga murya sai kowa ya shiga duba nasa, kafin a jima lissafi ya tsaya a buhu 14, na mutum huɗu, waɗanda suka ɓace a hankali cikin kusan mako uku kowa yana zaton shi ne ya yi kuskuren ƙidaya. Kwaɗo lafiyarsa lau, ba a ɓalle ba. Wani yaro ya leƙa bayan ɗakin Baba ya fito da buhuna biyar, babu komai a ciki, an naɗe su an ɗaure da igiya, biyu da jan fentin Hajiya.

Wanda ya san Jos ya san abin da kalmar "ɓarawo" ke jawowa idan ta fito daga baki goma a lokaci ɗaya. 'Yan dako sun ajiye kaya, masu baro sun taso, wani har ya ɗauki itace. Alhaji ya ratsa ya tsaya gaban Baba.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ka bari in yi magana. Buhunan nan yaronka..."

"Baba, yi shiru. Kayan mutane a ɗakinka, wace magana kuma ta rage?"

Tsakanina da su bai fi taku biyu ba. Na ji kalmar nan, "yaronka".

A nan tsaye Alhaji ya yanke: a karɓi makulli, a riƙe albashin wata biyu da Baba ke binmu a rage asara da shi, kada a sake ganinsa a layin. (Ee, wata biyu yake binmu. Wannan ma wani babi ne da babu wanda ya buɗe a ranar.) Aka sa shi a keke Napep aka fitar da shi ta ƙofar baya. Ni kuma na zauna na rubuta sanarwa, da sunansa, da kalmomin "bisa laifin cin amana", na shafa sitaci na manna a ƙofar sito. Daga ihun Hajiya zuwa manna takarda ba a cika awa ɗaya ba.

Awa ɗayar nan

Daga baya Alhaji ya yi ta cewa ceton mutumin ya yi, kuma da gaskiyarsa. Da ya yi jinkirin minti biyar da wani labarin ake yi. Amma abu biyu ya haɗa ya yi su da numfashi ɗaya: fitar da mutum daga hannun masu fushi, da tabbatar masa da laifi. Na farkon gaggawa yake so. Na biyun, duk abin da na karanta a gaban malamai cewa yake a dakata. Yana iya shigar da Baba masallaci ya ja ƙofa, ya ce wa jama'a gobe bayan La'asar za a zauna. Sun saba jin maganarsa, da sun watse.

Lokacin da Annabi (SAW) zai tura Sayyidina Aliyu alƙalanci Yaman, abin da ya ce masa shi ne idan masu husuma biyu suka zauna a gabanka kada ka yanke sai ka ji daga na biyun kamar yadda ka ji daga na farkon. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Abu Bakra da ya hana mai hukunci ya yi hukunci yana cikin fushi, kuma malamai sun shigar da duk abin da ke dagula tunani, irin yunwa da tsoro. To ina ga mutum 40 suna ihu a ƙeyarka? Sai hadisi na 33 a Arba'una, wanda muka haddace tun muna yara ba mu san za mu buƙace shi a kan dankali ba: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Mu ba mu kawo shaida ba, ba mu ba shi damar musantawa ba balle rantsuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Annabi Dawuda (AS) a Suratu Sad. Mutum biyu suka haura masa katanga, ɗaya ya ce ɗan'uwana yana da tumaki 99, ni ɗaya gare ni, ya ce sai na ba shi. Duk mai jin wannan zuciyarsa ta riga ta yanke, kuma Dawuda ya ce lallai ya zalunce ka. Sai ga shi ya faɗi yana neman gafara. Wasu malaman tafsiri sun ce abin da ya nemi gafara a kai shi ne ya yi magana kafin ya ji bakin na biyun. Nan take aya ta 26 ta biyo: mun sanya ka halifa a bayan ƙasa, ka yi hukunci tsakanin mutane da gaskiya, kada ka bi son zuciya. Son zuciyar da ake tsoro a nan ba cin hanci ba ne. Yarda ce da labarin da ya zo daidai da abin da ka riga ka zata.

Za a ce ai an ga kaya a wurinsa. An gani. A Suratu Yusuf ma an fitar da ma'aunin sarki daga jakar ƙanen Yusuf, kuma ba shi ya ɗauka ba. Alama abin lura ce, ita ce ma ta wanke Yusuf da aka duba rigarsa aka ga ta baya ta yage, amma sai an tsaya an yi mata tambaya. Wane ɓarawo ne zai juye dankali, ya naɗe buhunan masu fenti, ya ɗaure su tsaf, ya ajiye a bayan ɗakinsa inda kowane yaro ke zagayawa fitsari? Cikinmu babu wanda ya tambaya.

Baba ya kira ni a waya sau biyu a wannan makon. Ban ɗauka ba. Na gaya wa kaina ba hurumina ba ne.

Mai suya

Kwana tara bayan nan wata mata mai suyar dankali a wajen Terminus ta shigo layinmu tana faɗa, tana neman "yaron Alhaji". Ta ce ta ba shi kafin alƙalami na buhu biyu, ya daina ɗaukar wayarta. Ta ce ya saba kawo mata kaya da asuba a farashin da ba ta samu ko'ina. Ta buɗe wayarta ta nuna wa ma'aji kuɗin da ta riƙa tura masa, ga suna ga rana. Ba ta san komai game da Baba ba, kuɗinta kawai take so. Dalilin da ya sa kaya suka daina zuwa mata kuwa a fili yake: mun canja kwaɗo.

Yaron ɗan wan Alhaji ne. An kashe uban a rikicin Nuwamban 2008 yaron yana ɗan shekara shida, Alhaji ya ɗauko shi ya raina tare da 'ya'yansa. Shi ake aika ya buɗe sito idan motar Kano za ta yi sammako, don haka ganinsa da makulli ƙarfe huɗu da rabi na asuba bai taɓa zama abin tambaya ga Baba ba. Yakan juye kayan cikin buhunan da ba su da alama. Na fentin kuwa, wata rana ya miƙa wa Baba biyar ya ce ga shi ka kai gida, tunda ya san yana tara tsofaffin buhuna yana aika wa iyalinsa ƙauye. Cacar ƙwallo ta waya ce ta cinye kuɗin.

Zaman bayan La'asar

Mu biyar muka zauna a masallaci, aka ja labule. Alhaji ya zauna jikin bango, carbi a hannu amma ba ya ja.

Ma'aji ne ya fara. Ya ce abu ya riga ya faru, Alhaji zai biya kowa haƙƙinsa, a aika wa Baba albashinsa har da ƙari, a bar kaza cikin gashinta. Ya jawo hadisin da ke cikin Muslim, wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Ya ce yaro ne, maraya ne, idan aka tona shi a kasuwa an kashe masa rayuwa, ko aure sai ya gagare shi.

Mataimaki ya zo ta wata hanyar, kuma tasa ta fi nauyi. Ya ce ku tuna inda muke. Garin da gardama kan wucewar mace ɗaya ta cikin sahun Juma'a a unguwar Kongo-Rasha ta zama abin da ta zama ranar 7 ga Satumban 2001. Garin da aka sake a 2008, aka sake a Janairun 2010, har aka raba unguwanni, kowa ya san layin da ba ya kwana. Kasuwa ce ta rage inda muke cuɗanya. Manoman da ke kawo mana kaya mutanen Baba ne. Idan aka ji cewa Hausawa sun laƙa wa Kirista sata don su rufa wa ɗansu asiri, wa ya san inda za ta tsaya? Ya ce kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Na gyaɗa kai, don har ga Allah na ji daɗin maganar. Ta ba ni inda zan ɓuya.

Liman bai ce komai ba sai da suka gama. Tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa, wanda shekara da shekaru yake mana tafsiri da azumi. Ya juya wurin ma'aji ya ce: "Sutura gaskiya ce. Amma da wane mayafi za ku rufe shi? Rigar Baba kuka tuɓe, ita za ku lulluɓa wa yaron?"

Sannan ya sa aka miƙo masa Alƙur'ani ya buɗe Suratun Nisa'i, daga aya ta 105. Ya ce a Madina an taɓa sace wa wani sulke. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani mutum daga Banu Ubairiƙ, ana ce masa Ɗu'uma, shi ya ɗauka, sulken yana cikin jakar gari mai huda, garin ya riƙa zuba a hanya. Ya kai ya ajiye wurin wani Bayahude, Zaidu ɗan Samin. Masu bin sawu suka bi farin gari har gidan Bayahuden, aka sami kaya a wurinsa. Ya ce Ɗu'uma ne ya ba ni ajiya. Dangin Ɗu'uma, Banu Zafar, suka taru suka je wurin Annabi (SAW) suna roƙon ya kare nasu, kada a kunyata Musulmi Bayahude ya fita. A ruwayar Tirmizi wanda aka laƙa wa wani Musulmi ne mai suna Labidu ɗan Sahlu, amma ƙashin labarin ɗaya ne. Sai ayoyi suka sauka, kuma ba da ɓarawon suka fara ba, da shugaban suka fara: mun saukar maka da Littafi da gaskiya don ka yi hukunci tsakanin mutane da abin da Allah ya nuna maka, kada ka zama mai kare maha'inta, ka nemi gafarar Allah. Ya karanta har aya ta 112, wadda ta ce wanda ya aikata laifi sannan ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya ɗauki ƙazafi da zunubi bayyananne.

Ya rufe ya ce: "Tsakanin mutane aka ce, ba a ce tsakanin Musulmi ba. Kuma Madina a lokacin ba ta fi Jos kwanciyar hankali ba. Da sirri ne maganin irin wannan, da ba a saukar da shi a ayar da za a yi ta karantawa a salla ba."

Ga mataimaki kuma ya yi tambaya ɗaya: wa kuke ɓoye wa? Mai suya ta sani. Baba ya sani tun ranar farko, ya gaya wa iyalinsa, ya gaya wa fastonsa, direbobin Bokkos sun ji. Abin da ba su sani ba kawai shi ne ko za mu faɗa da bakinmu. A nan na gane lissafin mataimaki a juye yake. Labarin da yake tsoro ya riga ya fita, shirunmu ne zai tabbatar da shi.

Alhaji ya yi magana a ƙarshe, murya a shaƙe. "Allah gafarta Malam, yaron nan amanar wana ce. Ni na ɗauko gawar uban. In tsaya a tsakiyar kasuwa in ce masa ɓarawo, a gaban su?"

"A gaban su." Kowa ya ji abin da ke cikin kalmar, babu wanda ya ɗaga kai. Liman ya karanta masa aya ta 8 a Ma'ida, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ya fi kusa da taƙawa. Ya ce wannan a kan wanda kake ƙi ke nan, Baba kuwa shekara 11 yana kwana cikin sanyi a kan dukiyarka, shi yana cikin waɗanda aya ta 8 a Mumtahana ta ce a kyautata musu a yi musu adalci. Sai ya koma Nisa'i, aya ta 135, wadda duk mun san farkonta: ku tsaya da adalci, masu shaida don Allah, ko a kan kanku ne ko iyaye da dangi. Ya ce mutane a nan suke tsayawa, ba sa ƙarasawa. Ci gabanta cewa ya yi ko mawadaci ne ko matalauci, Allah ne ya fi cancanta da su. Wato ba tsoron babba kaɗai ke karkatar da mai hukunci ba, tausayin ƙarami ma yana yi. "Ba ka fi Allah tausayin maraya ba, Alhaji."

Mun saba jin maganar da Shehu Usmanu ya kawo a Bayanu Wujubil Hijra, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. A majalisarmu ta mai shayi kullum Abuja muke jifa da ita, ko gidan gwamnati na Rayfield. Ban taɓa jin wani ya juyo da ita kan ƙungiya mai mutum 63 da sito ɗaya ba. Alhali hadisin kiwo bai ware kowa ba, ya fara da shugaba ya gangaro har kan bawa a dukiyar ubangidansa.

Abin da aka yi

Liman ya ce Alhaji ba zai zauna a wannan shari'a ba. A fiƙihunmu na Malikiyya alƙali ba ya yin hukunci ga wanda ba a karɓar shaidar da zai yi masa, kamar ɗa da uba. Ɗan wa ba ɗa ba ne, amma yaron da ya tashi a tukunyarka, kuma da makullinka aka yi ɓarnar, tuhuma ta riga ta shiga. Aka naɗa mutum uku: liman, da wani dattijo daga layin albasa, da wani babba cikin direbobin Bokkos, Kirista. An yi gunaguni kan na ukun. Liman ya ce wanda aka zalunta yana da haƙƙin ya ga fuskar da ya yarda da ita a wurin.

Yaron bai ja ba. Ya ce buhu 16 ne ma, akwai biyu da har ranar masu su ba su lura ba. Ya durƙusa yana cewa Baffa ka yafe mini, liman ya ce masa ba wannan ne alƙiblar ba, ya juya shi wurin Baba.

Hajiya ce ta yi tambayar da ta fi kowace zafi. Da aka zo batun 'yan sanda, mutane suka fara cewa a sasanta a gida, sai ta ce: "Ranar nan har da masu cewa a kai Baba caji ofis. Yau da ya zama ɗan gida kowa ya tuna da sulhu. Da shi ne, wa zai ce a rufa masa asiri?" Babu amsa. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma abin da ta faɗa shi ne abin da Annabi (SAW) ya faɗa lokacin da Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceton matar nan ta Banu Makhzum: abin da ya halaka na gabanku shi ne idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi.

Liman ya warware ta da labarin Safwanu ɗan Umayya, wanda aka sace wa mayafi yana barci, ya kai ɓarawon gaban Annabi (SAW), daga baya ya ce ya yafe, aka ce masa me ya hana ka yafe kafin ka kawo shi? Abin da ya ciro shi ne yafiya tana da wuri kafin magana ta kai ga hukuma, amma ta mai haƙƙi ce. Kwamiti ba shi da ita balle ya bayar, shugaba ma haka. Aka tambayi masu kaya ɗaya bayan ɗaya. Sauran suka ce a biya su ya wuce. Hajiya ta ce nata haƙƙin ta miƙa wa Baba, abin da ya ce shi ke nan.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce: "Ni ba na so a kulle yaro. Na san babansa. A cire takardan nan kawai."

Sai a lokacin na tuna. Kwana 16 ke nan tana manne a ƙofar sito, mun yi zama biyu a kan maganar, babu wanda ya cire.

A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari akwai inda ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya, ka sake dubawa ka ga daidai a wani wuri, ya hana ka komawa, don komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Liman ya ƙara da nasa: inda aka ɓata mutum a nan ake wanke shi, a kuma gaban waɗanda suka ji. Don haka aka jira Talata, da hantsi, lokacin da layi ya cika. Alhaji ya hau bencin Baba ya ce shi ne ya yanke hukunci bai saurara ba, Baba bai ɗauki komai ba, ɗansa ne ya ɗauka da makullinsa, kuma shi zai biya. Bai yi minti uku ba. Ni na je cire takardar, sitaci ya kama, sai da na ari wuƙar mai albasa na kankare, har yau akwai shatinta a jikin ƙofar.

Ba duka aka gyara ba, kuma ba na son in yi wa labarin kwalliya. An ba Baba albashinsa, amma da aka zo kan diyya an fara da wata uku aka yi ta ciniki har ta dawo biyu, kamar ana taya buhu. A cikin kwanakin da muka riƙe masa kuɗi lokacin biyan kuɗin jarrabawar 'yarsa ya wuce, sai da ta jira wata shekara, wannan kuwa babu wanda ya san a wane ma'auni za a sa shi. Yaron da ya ɗauki itace a ranar bai taɓa ba da haƙuri ba, ba a kuma neme shi ba. An roƙi Baba ya dawo aiki ya ce ya gode, ya koma gona. Direbobin Bokkos ba su daina kawo kaya ba, babban nasu ma yanzu a rumfar Alhaji yake shan shayi, amma wani daga cikinsu ya ce mini da mai suya ba ta zo ba fa? Ban sami abin ce masa ba.

Alhaji ya ce zai sauka, jama'a suka ƙi, ni ma na ɗaga hannu cikin masu ƙi. Wani lokaci ina ganin daidai muka yi, tunda shugaban da ya taɓa hawa benci ya ƙaryata kansa ya fi wanda ba a taɓa gwadawa ba. Wani lokaci kuma ina ganin mun yi saurin yafe abin da ba a kanmu ya faɗa ba. Mun rubuta ƙa'ida biyu a littafin ƙungiya: ba a yanke wa kowa hukunci a ranar da aka tuhume shi, kuma makulli ya bar gidan shugaba ya koma hannun mutum biyu da ake sauyawa duk wata.

Akwai tambayar da na riƙe wata da watanni. Wata asuba muna jiran mota, mu biyu kaɗai a bakin sito, hazo ya rufe fitilun titi, na ce: "Alhaji, don Allah ranar nan, da Baba ya ce yaronka, ka ji?"

Ya gyara rawanin da ya naɗe wuya da shi. Ya ce: "Kai ka ji?"

Na ce na ji.

Ya ɗan jima yana kallon shatin takardar. Sai ga motar Mangu ta kunno kai tana ham, ya ce in ɗauko littafi mu ƙirga kaya.